Sai Na Yi Fosdok Kafin Kamfani Ya Ɗauke Ni Aiki?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 32, ina da aure da ɗa guda. Nan da wata huɗu in sha Allahu zan kare kundin digirina na uku a kimiyyar ƙwayoyin halitta. Aikina a kan gano cuta ne a cikin jini tun kafin alamunta su fito. Na daɗe da gane cewa koyarwa a jami'a da farautar kuɗin bincike ba su ne rayuwar da nake so ba. Kamfani nake so, irin masu haɗa magunguna ko kayan gwaji. Da na faɗa wa farfesan da ke duba aikina sai ya ce na yi gaggawa. Wai yanzu digiri na uku kaɗai ba ya wadatarwa, duk wanda bai yi aikin binciken nan na bayan digiri ba, wato fosdok, ko a kamfani ba a ɗaukarsa cikakken masani. Har ya samo mini gurbi na shekara biyu a ɗakin binciken wani abokinsa a wata ƙasa, suna jiran amsata nan da mako shida. Mutumin nan ya yi mini halacci, ya tsaya mini lokacin da na haihu, ina jin nauyin in ce masa a'a. Kuma na fara tsoron ko gaskiya ya faɗa, domin na aika takardar neman aiki kamfanoni goma sha ɗaya, biyu suka ce in yi haƙuri, sauran ko uffan. Maigidana yana da aikinsa a nan, ba zai iya bina ba. Ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma na san shi, ransa ba ya so. Anti, in karɓa ko in bari? In na bari, na rufe wa kaina ƙofa ke nan har abada?

Wata mai karatu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a kare kundin nan lafiya. Wadda ta kawo digiri na uku gaɓar ƙarshe da goyo ba ta buƙatar wani ƙarin hatimi kafin a kira ta masaniya, don haka ki ajiye wannan fargabar tukuna, mu dubi lissafin.

Mafi yawan ayyukan kimiyya da ke wajen jami'a ba sa neman fosdok, kuma shekarun da aka kashe a kansa ba kasafai kamfani ke biyan ladansu ba. Akwai 'yan wuraren da yake da amfani ƙwarai, zan zo kansu, domin farfesanki bai yi ƙarya ba. Gaskiyar lungu ɗaya ya ɗauko ya shimfiɗa a kan kowa. Abin da ke gabanki shi ne ki gano ko aikin da kike so yana cikin lungun nan, kuma mako shida ya isa.

Me aka ƙirƙiro fosdok ya yi tun farko? A Amurka, inda tsarin ya kafu sosai, a 1919 ne Majalisar Bincike ta Ƙasa ta fara ba sababbin daktocin fiziks da kemistiri tallafi da kuɗin Gidauniyar Rockefeller, domin su yi ɗan lokaci suna bincike zalla kafin su riƙe nasu ɗakin binciken. Har yau manufar ke nan a kan takarda: mutum ya koyi zaɓen tambayar bincike da kansa, ya iya rubuta takardar neman tallafi, ya fitar da maƙaloli da sunansa a gaba, ya saba da kula da ɗalibai. Da waɗannan ake neman kujerar farfesa, ke kuwa kin ce ba kujerar kike so ba.

Daga baya masu digirin suka yi ta ƙaruwa, kujerun ba su ƙaru haka ba. Farfesa guda yakan yaye ɗalibai da dama a tsawon aikinsa, amma ranar da ya yi ritaya kujera ɗaya ya bari. A 2010 ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa cikin masu digiri na uku a fannonin kimiyya a ƙasar, kimanin kashi 3.5 cikin 100 ne ke samun aikin bincike na dindindin a jami'a, masu zama farfesoshi kuwa ba su kai rabin kashi ɗaya ba. Alƙaluman sun kwana biyu, amma lissafin kujera ɗaya da ɗalibai goma bai canza ba. Su kuma ɗakunan bincike kullum suna neman ƙwararrun hannuwa masu araha, shi ya sa fosdok ya fi kowane aiki sauƙin samu ga sabon dakta. Sauƙin nan ne ke jan mutane su shiga don su fake, kamar wanda ruwa ya tsare a rumfa, da niyyar in an ɗauke su wuce. Kafin su ankara shekara biyar ta tafi.

Kuma shekarun nan suna da tsada. A 2017 wasu masana tattalin arziki biyu, Shulamit Kahn ta Jami'ar Boston da Donna Ginther ta Jami'ar Kansas, sun wallafa bincike a mujallar Nature Biotechnology a kan tambayarki daidai, kuma a kan mutanen fanninki. Sun bi sawun masu digiri na uku a kimiyyar halittu da lafiya a Amurka, suka kwatanta waɗanda suka yi fosdok da waɗanda suka wuce aiki kai tsaye. In aka haɗa abin da mutum ya samu a shekara 15 na farko, waɗanda suka yi fosdok sun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma sukan ɗauki shekaru kafin albashinsu ya kamo na takwarorinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfani da nasa shekarun yake auna mutum. Wadda ta shiga yau, nan da shekara uku ta san yadda ake kai gwaji daga tebur zuwa kasuwa, ta san kasafin kuɗi da dokokin hukuma, wataƙila har an ba ta mutum biyu a ƙarƙashinta. Wadda ta biya ta fosdok a lokacin za ta iso, a matakin farko ko ɗaya a samansa, ta fara koyon abin da waccan ta riga ta iya. Ba ke kaɗai kika hango wannan ba. Sababbin daktoci sun yi ta kauce wa fosdok suna tafiya kamfanoni har hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta kafa kwamiti a kai. A ƙarshen 2023 kwamitin ya ba da shawarar a mayar da mafi ƙarancin albashin fosdok dala 70,000 a shekara, a 2024 hukumar ta ɗaga shi zuwa 61,008.

To ina ne farfesa yake da gaskiya? A manyan kamfanonin magunguna akwai sashen da ke binciken farko, inda ake neman wane furotin ko wace ƙwayar gado za a kai wa hari tun kafin a san ko akwai magani a wurin. Aikin sashen nan ya yi kama da na jami'a, shugabanninsa da yawa sun yi fosdok, kuma in za su ɗauki wanda zai ja ragamar bincike sukan so wanda ya nuna ya iya tsayawa da ƙafarsa bayan ya bar gaban malaminsa. In burinki ki zama mai cewa "wannan za mu bincika" a irin sashen nan, fosdok mai kyau na shekara biyu ko uku jari ne. Haka manyan ɗakunan binciken gwamnati, irin Oak Ridge da Los Alamos a Amurka, da yawan ma'aikatansu na dindindin ta fosdok suka shiga. Manyan mujallun kimiyya ma sukan fifita mai wannan gogewar in za su ɗauki edita. Yana kuma amfanar wanda ke son sauya fanni, misali wanda ya ƙare digiri a kan tebur yana son ya koma nazarin bayanan ƙwayoyin gado da kwamfuta. Sai maganar biza, wadda ba ki ambata ba amma tana tilasta wa mutane da yawa. A Amurka, misali, kamfanoni sai sun yi takara a kan gurbin bizar ƙwararru 85,000 a shekara, jami'o'i kuwa ba a ƙayyade musu ba. In zamanki a ƙasar da kike ya rataya a kan takardar ɗalibta, ki je ofishin ɗaliban waje a makon nan ki ji wata nawa doka ta ba ki bayan kammalawa, domin wannan kaɗai yana iya juya lissafin.

Abin da ya ja hankalina a wasiƙarki shi ne kin ce "kamfani" kawai. Ƙanwata, a cikin kamfani ɗaya akwai ayyuka iri-iri da mai digirinki zai yi, kuma sashen binciken farkon nan ɗaya ne daga ciki, ba ma shi ne mafi yawan ma'aikata ba. Akwai masu ɗaukar gwajin da ya yi aiki a hannun mutum ɗaya su mayar da shi abin da zai ba da sakamako iri ɗaya a asibiti dubu. Akwai masu tsara gwajin magani a kan mutane, da masu tabbatar da inganci a masana'anta, da masu haɗa takardun da ake miƙa wa hukumomin kula da magunguna kamar FDA ta Amurka da EMA ta Turai. Akwai masu zagaya ɗakunan gwaje-gwaje suna koya wa masu saye yadda na'ura ke aiki, da masu zama da manyan likitoci suna yi musu bayanin sakamakon bincike, da masu rajistar haƙƙin ƙirƙira. Babu ɗaya a cikin waɗannan da fosdok ke koyarwa.

Ki dubi naki aikin da kyau, gano cuta a cikin jini. Kamfanin kayan gwaji abin da ke hana shi barci shi ne: cikin masu cutar ɗari, nawa gwajin zai kama? Cikin masu lafiya ɗari, nawa zai yi wa ƙarya? In sinadarin ya yi wata shida a ajiye, yana nan da ƙarfinsa? In wani ma'aikaci ya yi gwajin a wani gari, sakamakon zai zo daidai? Tun Mayun 2022 da sabuwar dokar Tarayyar Turai ta kayan gwajin cututtuka ta fara aiki, hujjar da ake nema kafin a sayar da irin kayan nan ta ƙaru sosai, kuma kamfanoni na bin ƙa'idar inganci mai lamba ISO 13485. Ke kin shafe shekaru kina fama da rabin tambayoyin nan a kan teburinki. Ɗaya rabin, na doka da rubuce-rubucen inganci, a bakin aiki ake koyonsa, ko a ɗan kwas na makonni. Ɗakin binciken abokin farfesa ba zai ba ki shi ba ko da kin shekara biyar a can.

Yanzu mu zo ga takardu goma sha ɗayan nan da suka karya miki gwiwa. Ba su isa hujjar komai ba. Gurbi ɗaya a babban kamfani yakan tara masu nema da yawan gaske, kuma shiru shi ne amsar da aka fi samu, har ga masu fosdok biyu. Ga shi kin nema tun da sauran watanni kafin ki kare, alhali kamfani galibi wanda zai fara aiki nan kusa yake so. Sannan ina kyautata zaton takardar tarihin aikin da kika aika irin ta jami'a ce, mai shafi biyar ko shida, taruka da maƙaloli a jere. Mai tantancewa a kamfani sau da yawa ba masanin fanninki ba ne, kuma kallo ɗaya yake yi wa takarda. In ya ga "Na yi nazarin rawar da wani furotin ke takawa a farkon cutar, na wallafa maƙala uku," ba abin da zai kama. In kuwa ya ga "Na ƙirƙiro gwajin jini, na tabbatar da ingancinsa a kan samfurin marasa lafiya 300, na rage lokacin fitar sakamako daga kwana biyu zuwa awa shida, na rubuta ƙa'idar aikin da mutum huɗu ke bi yanzu," ya ga ma'aikaciya. Aiki ɗaya ne aka faɗa sau biyu. Ki sa naki alƙaluman na gaskiya, ki rage takardar zuwa shafi biyu, ki jera sunayen na'urori da dabarun da kika iya da kalmomin da su kansu suka yi amfani da su a sanarwarsu, ki rubuta ranar da za ki iya fara aiki a sama inda ido zai fara sauka.

Kafin ma ki gyara takardar, ga aikin yamma biyu ko uku da zai amsa miki tambayar fiye da ni da farfesa. Ki tattara sanarwar neman ma'aikata kamar talatin, na ayyukan da in an ba ki gobe za ki karɓa da murna, a inda za ki iya zama da iyalinki. Ki je kai tsaye layin sharuɗɗa. Wasu za su ce digiri na uku da gogewar shekara 0 zuwa 2. Wasu za su ce digiri na uku, ko digiri na biyu da shekara biyar a masana'anta, wanda ke nuna miki ba fosdok suke nema ba sam. Wasu za su ce shekara 2 zuwa 5 bayan digiri, a jami'a ko a masana'anta. Kaɗan ne za su kira sunan fosdok, kuma ko a nan ki lura ko "dole" suka ce ko "an fi so". Ki ƙirga. In mafi yawan waɗanda zuciyarki ta kwanta da su suna neman fosdok, farfesa ya ci gari, ki saurare shi. In ba haka ba, kin sami amsa a rubuce.

Daga nan sai mutane, domin zuwa da kai ya fi aike. Ki nemi biyar ko shida da suka fito daga sashenku ko makamancinsa suke aiki a kamfani yanzu. A LinkedIn ba za su yi wuyar samu ba. Kada ki roƙe su aiki. Ki nemi minti ashirin ki tambaye su yadda suka shiga, su wa aka ɗauka a rukuninsu a bara da abin da suka zo da shi, da abin da za su yi dabam in da yau za su fara. Wanda hirarku ta yi daɗi, ki nuna masa takardarki ya ja miki jan biro. Kamfanoni da yawa suna da tsarin da ma'aikaci ke gabatar da wanda ya sani, kuma takardar da ta shigo ta wannan hanyar aƙalla ana karanta ta.

Ba kuma zaɓi biyu ne kawai a gabanki ba. Ɗalibai da yawa sukan zauna wata shida zuwa shekara a ɗakin binciken da suka gama, da albashi, su ƙarasa maƙalolin da suka rage suna neman aiki. A takarda shi ma fosdok za a kira shi, amma ba ƙaura, ba sabon bincike da zai ɗaure ki, kuma kowa ya san ranar tafiyarki. In farfesa yana da kuɗin, wannan ya fi dacewa da halin da kike ciki. Akwai kuma fosdok na cikin kamfani, irin wanda Genentech da Novartis da AstraZeneca ke bayarwa: kina bincike kina wallafawa, amma kina ganin yadda gidan ke tafiya daga ciki, albashin kuma yakan fi na jami'a. Sai dai takara a kansa da zafi, kuma ba alkawarin aikin dindindin ba ne, ki tambaya a fili kafin ki sa hannu. Kada kuma ki rena kwantiragin shekara guda ko ƙaramin kamfani mai mutum ashirin. Aikin farko shi ne mai wuyar samu. Da zarar "gogewar masana'anta" ta hau takardarki, na biyu ya zo da sauƙi.

Shi kuwa farfesa, ina so ki yi masa adalci. Mutum ne da ya bi hanya ɗaya ta kai shi, kuma duk waɗanda yake gani da daraja ita suka bi, ba mamaki in ita kaɗai yake gani. Kiran abokinsa da ya yi domin ke yabo ne, ba kowane ɗalibi ake yi wa haka ba. Amma ki sani, ko da bai faɗa wa kansa ba, malami yana alfahari da ɗalibansa da suka zama farfesoshi, abokinsa kuma yana buƙatar hannu irin naki. Ba laifi ba ne, sai dai buƙatunsu ba su ne naki ba. Halaccin da ya yi miki lokacin haihuwa, godiya da kyakkyawan kundi da zumunci mai ɗorewa ne sakamakonsa. Bai kai a biya shi da shekara biyu a aikin da ba ki so ba, kuma ina jin shi ma in aka tambaye shi ba zai ce ya kai ba.

Ki nemi zama da shi, ba a tsaye a bakin ƙofa ba, kuma ki je da ƙirgenki a hannu, domin masani ya fi jin magana in da alƙaluma. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Farfesa, na san girman abin da ka yi mini, kuma na yi tunani a kai sosai. Na duba ayyuka talatin irin waɗanda nake so, ga abin da suke nema. Na yanke shawarar zan nemi kamfani kai tsaye. Ina roƙon abu biyu: ka rubuta mini wasiƙar shaida, kuma in akwai tsofaffin ɗalibanka ko abokan hulɗarka a masana'anta, ka haɗa ni da su." Kin ga ba izini kika nema ba, taimako kika nema, kuma kin ba shi matsayin da zai ci gaba da zama malaminki a sabuwar hanyar. Wataƙila ya ɗan ɗaure fuska na kwana biyu. Kada ki ja lokaci har ƙarshen mako shidan don gudun wannan. In kin yanke, ki sanar da wuri domin abokin nasa ya nemi wani, shi ne abin da zai kare mutuncin farfesa a wurinsa. Tun da saura wata huɗu ki kare kundi a gabansa, ki tabbatar ya ga aikin kundin bai yi rauni ba ko kaɗan bayan maganar.

Maigidanki ma yana buƙatar zama irin wannan. "Duk abin da kika zaɓa" magana ce ta ƙauna, amma ta bar miki kayan ke kaɗai. Ki ce masa ya faɗi ra'ayinsa a fili, ku lissafa tare. In kin tafi, yaron wurin wa zai zauna? Gida biyu da kuɗin jirgi a kan albashin fosdok, me zai rage? Ku sa a lissafin cewa shekara biyu a irin aikin nan ba kasafai take tsayawa biyu ba, domin binciken halittu yakan ci shekara guda kafin ya fara ba da sakamako, maƙala kuma ta ci wata shekarar a hannun masu tantancewa. In kin zauna, wata nawa albashinsa zai riƙe gidan kina nema? In aikin da ya fito a wani gari ne, zai iya neman canji? Abu ɗaya nake gargaɗinki a kai: in za ki ƙi gurbin, ki ƙi shi domin ba zai kai ki inda kike so ba, kada ki ƙi shi "saboda shi". In kika ɗora masa, duk ranar da neman aiki ya yi tsanani zuciya za ta tuna, shi kuma bai nema ba.

Tambayarki ta ƙarshe, ko ƙofa za ta rufe har abada. Ba ta rufewa a rana ɗaya. Tallafin fosdok na Gidauniyar Humboldt ta Jamus ana iya nemansa har shekara huɗu bayan kammala digiri. Na Marie Curie na Tarayyar Turai yana karɓar mai gogewar bincike har shekara takwas, kuma ba a lissafa shekarun da mutum ya yi a aikin da ba na bincike ba, ko hutun haihuwa. Ke nan in kika yi shekara biyu a kamfani kika ga kin yi kewar bincike zalla, da sauran hanya. Ba zan ɓoye miki ba, kowace shekara da ta wuce ba ki wallafa komai ba komawar na ƙara wuya, kuma zama farfesa a babbar jami'ar bincike bayan doguwar tafiya abu ne da ba a cika gani ba. Amma zaman cikin ma ba tabbas gare shi ba. A Jamus dokar 2007 ta ba mutum shekara shida kawai na kwantiragin wucin gadi a jami'a bayan digiri na uku a yawancin fannoni, in bai sami na dindindin ba ya nemi wani wuri, abin da ya tayar da ƙorafin dubban matasan masana a intanet a 2021.

In kuwa ƙirgen ya nuna sashen binciken farkon nan ne ranki ke so, to ki yi fosdok, amma wanda kika zaɓa da idonki. Ki tambayi mai ɗakin ina mutum biyar na ƙarshe da suka bar wurinsa suke yanzu, ki nemi biyu daga ciki ki ji ta bakinsu. Ki iya faɗin dabarar da za ki koya a can wadda ba ki da ita, a jimla ɗaya. Ki fifita ɗakin da ke hulɗa da kamfanoni, a garin da kamfanonin suke, ki fara neman aiki tun shekarar farko ta cika. Majalisun masana kimiyya na Amurka sun ba da shawara a 2014 cewa kada fosdok ya wuce shekara biyar gaba ɗaya. Ga mai niyyar fita, uku ma ta yi yawa.

In ra'ayina kike so, daga abin da kika rubuto, wannan gurbin ba naki ba ne. Ba ke kika neme shi ba, ba ki ambaci ko abu ɗaya da za ki koya a can ba, kuma aikin da ke hannunki ya riga ya yi kusa da abin da kamfanonin kayan gwaji ke nema. Ki ba mako biyu na farko ga sanarwoyi da hirarraki, ki zauna da maigida, a mako na uku ki ga farfesa ki tambaye shi maganar wata shidan nan. Neman aikin kuma ki ware masa yamma biyu a mako, kada ya wuce haka har sai kundin ya fita daga hannunki, domin duk sanarwoyin nan talatin da digirin suka fara sharaɗinsu. In kin yi ƙirgen, ki rubuto mini abin da ya fito.